Rumfar da Ke Kan K da P

Har yau in na wuce shagon buga takardun nan na unguwar Barade sai na ji raina ya ɓaci.

A yarenmu na Mumuye akwai wani sauti da ake rufe leɓe da maƙogwaro lokaci guda, a sake su tare. A rubuce k ne da p, amma a baki abu ɗaya ne. Masu nazarin sauti kan ɗora musu wani ɗan lanƙwasasshen layi a sama, kada mai karatu ya raba su. Ni rumfa nake ce masa.

Wata takwas na yi ina rubuta kalmomi daga bakin mahaifiyata, domin 'yata a Jalingo ta tashi, Hausa kaɗai take ji. Tsohuwa kuwa ta rantse ba za ta yi wa jikarta Hausa ba, sai dai su zauna su yi ta kallon juna. Burina yarinyar ta karanta mata, ko sau ɗaya su yi magana.

Rumfar nan ta ba ni wuya a kwamfuta. In na buga ta bayan p, sai ta zame ta rufe p da wasalin gaba. In na sauya samfurin haruffa, sai ta rikiɗe ta zama ɗan akwati. Da ƙyar na gano cewa tsakiya ake sa ta: k, sai ita, sai p. Haka na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya a ofis lokacin hutun rana, abokan aiki suna ta tsokanata wai na zama farfesa.

Na kai aikin wurin mai shagon, wani dattijo mai tabarau, na roƙe shi kada ya taɓa komai. Da na dawo aka miƙo mini aiki an ɗaure, an sa bango. Ganin kyan bangon ya sa ban ko buɗe ba, wannan kam wautata ce.

A gidanmu da ke unguwar Majidaɗi, 'yata ta zauna gaban kakarta ta fara karantawa. Kalmar farko na ji ta ce "ka-pa". Na fizge littafin. Babu rumfa ko ɗaya. An cusa a tsakanin kowane k da p.

Washegari na dira shagon.

"Madam, ai taimakonki na yi," in ji shi. "Wasu ƙugiyoyi suka fito a karkace, na goge. Sannan duk kin tsallake wasula. Ina aka taɓa jin kp?"

"A bakin uwata!" na ce.

Wallahi har yana jira in gode masa. Shekararsa talatin a garin nan, maƙwabtansa suna faɗin sautin kullum a kunnensa, bai taɓa jin sa ba.

An sake bugawa daga baya, amma me aka yi? Ranar da yarinyar ta ce "ka-pa", tsohuwa ta karkato kunne, ta jira, aka maimaita mata, ba ta gane kalmarta ba. Sai ta dafa kan jikarta, ta buɗe baki da gurguwar Hausarta, wadda ta rantse ba za ta yi mata ba.

"Bari, kin gaji. Kawo mini ruwa."