'Yan Kunnen Hajiya da Keken da Bai Iso Ba

Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta yarda a gan ta cikin rauni. Ko zazzaɓi ne ya kayar da ita, da ta ji sallama sai ta tashi zaune ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce gyangyaɗi ne ya ɗauke ta. Saboda haka da ƙafafunta suka fara ƙin ɗaukarta, ni kaɗai na sani, don ni ce tare da ita a gidanmu na Ƙofar Marusa tun da mijina ya rasu. Ƙanwata tana aure a Funtuwa. Yayanmu kuwa yana Ƙofar Kaura, kuma ranar Juma'a yake zuwa in an sauko daga masallaci. Kafin ya iso sai in cicciɓe ta in zaunar da ita a kan darduma, in miƙa mata carbi. Haka yake samunta, haka yake barinta.

Wata ranar Talata ta sa na jawo wani gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai 'yan kunnenta na gwal da ta zo da su daga Makka, waɗanda kowa a dangi ya san su.

Ta ce, "Tahi ki saida su, ki sawo mani keken marasa lahiyan nan da kika gwada mani cikin waya. Ran Juma'a sai ki tura shi bayan labule."

Na ce, "Hajiya, ai da an faɗa wa Yaya."

Ta kafe ni da ido. "Shina da iyali, shina da hawan jini. In ya ji daga bakinki, ban yahe ba."

Duk wanda uwa ta taɓa gaya wa wannan kalma ya san nauyinta. Na hau napep zuwa kasuwa, mai gwal ya auna, ya ƙirgo mini kuɗi a hannu. Da na dawo unguwa na tsaya wurin mai POS na bakin titi, wani magidanci mai farin gilashi, na ba shi kuɗin da lambar asusun kamfanin da ke sayar da keken, ya tura. Haka kowa ke yi a unguwarmu, wa zai je banki ya bi layi? Ya yago mini ɗan rasit, na cusa a jaka. Kamfanin ya ce keke zai iso cikin mako guda.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Hajiya ta cika. Ina dama mata kunu ne, na dawo na tarar ta riga ta tafi.

Rana ta biyu da zaman makoki, gida cike da mata, maza sun shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin titi, sai saƙo ya shigo wayata: ana shirin ɗora kayana a mota. Na hango a raina motar tana tsayawa a gaban masu gaisuwa, ana sauke keke, ana kiran sunana, Yaya yana miƙewa ya ga ko mene ne. Na zame na shige ɗakin girki, na tsuguna bayan buhun gawayi, na danna wurin soke oda. Sannan na kira kamfanin.

Wata budurwa ce ta ɗauka, mai Hausar da ba ta nan ba. Ta ce an soke, amma za su ajiye mini kuɗin a shafinsu in sayi wani abu. Ni da ke cikin makoki, me zan saya, tukunyar shinkafa? Raina ya ɓaci. Na ce mata da idona na karanta sharaɗinsu kafin in biya, an rubuta cewa muddin kaya ba su bar wurinsu ba, mai saye yana da damar fasawa a mayar masa da kuɗinsa. Na ce kuɗi na bayar, kuɗi nake so. Na ji tana danne-danne, sannan ta ce to, in saurara nan da 'yan kwanaki.

Shirina mai sauƙi ne. Kuɗi su dawo, in koma wurin mai gwal in fanso 'yan kunnen, in mayar da su cikin gwangwani. Babu wanda zai ji, maganar Hajiya ta tsaya inda ta ajiye ta.

Ban san ƙanwata za ta riga ni ba. Ranar sadakar uku tana gyaran ɗaki ta jawo gwangwanin ta buɗe, ta kife shi ta girgiza. Ta dube ni, ta ce, "Ina 'yan kunnen Hajiya?" Na ce mata za a duba. Ƙarya ce ta fito daga bakina a ɗakin da aka yi wa uwata wanka.

Da la'asar Yaya ya shigo cikin gida ya tsaya a tsakar gida, hannu a baya. Ya ce bayan sadakar bakwai malam zai zo a lissafa abin da Hajiya ta bari. "Duk wanda ya san akwai abinta hannunshi, ya kawo. Haƙƙin magada wuta ne." Bai dube ni ba, kuma rashin duban ya fi duban ciwo. Ni ce a gidan. Ni ce mai makullin ɗakin. Mai shaida ta ɗaya ce, ita ma tana kushewa.

Daga nan abinci ya daina wucewa. Ko saƙon talla ya shigo sai in zabura. Mata suna yi mini gaisuwa, ina amsawa, ina kallon bakinsu ko labarin ya kai gare su. Na san garin nan. In aka ce wance ta cinye gwal ɗin uwarta, jikokina ma sai an gaya musu.

Rana ta biyar na sake kiran kamfanin. Budurwar ta ce, "Ai mun mayar tun jiya. Kuɗi suna komawa ne ta asusun da suka fito." Na ce wane asusu? Kafin ta amsa na gane. Ba daga asusuna suka fita ba.

Na zari hijabi ko takalmi ban daidaita ba. Na isa bakin titi na tarar da rumfar mai POS a garƙame da kwaɗo. Mai kayan miyan da ke gefe ya ce ya tafi ƙauyensu yankan gero, wataƙila gobe, wataƙila jibi. Ban ma san sunansa na gaskiya ba, shekara nawa ina ba shi kuɗi ta taga. Na tsaya ina kallon kwaɗon nan har mai kayan miya ya ce, "Malama, lahiya dai?" Na ce lafiya lau, na juya gida.

Sai ranar bakwai da safe ya buɗe. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, gaisuwar nan da ba ta ƙarewa. Na miƙa masa rasit ɗin da ya fara koɗewa. Ya ɗaga gilashi ya duba, ya duba wayarsa, ya sauke ajiyar zuciya.

"Ashe naki ne! Wallahi kwana ukun nan ban da sukuni, kuɗi sun shigo ban san mai su ba." Ya ƙirgo mini su cif, ko na aikinsa ya ƙi cira.

Ban koma gida ba, kai tsaye na wuce kasuwa. Mai gwal ya gane ni. Na ce na zo fansar 'yan kunnen nan, ko da ƙari zan biya. Ya girgiza kai ya ce tsohon ƙira ne, ba a sayensa yanzu, tun washegari aka narka su.

Washegarin bakwai malam ya zo, aka zauna a zaure, ni da ƙanwata daga bakin ƙofa ta ciki. Aka lissafa gida, da zannuwa, da tumaki biyu. Sai aka zo kan 'yan kunne. Na ajiye kuɗin a kan tabarma. Malam ya ce, "Wa ya saida, kuma da izinin wa?"

In na yi shiru, ni ɓarauniya ce. In na yi magana, na taka abin da ta ce. Na buɗe waya na miƙa wa Yaya, ga hoton keken, ga ranar da aka biya, ga ranar da aka soke. Na faɗi komai, har labulen.

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "Kullum zaune nike iske ta. Ni na ɗauka wuridi take." Ya kife wayar, ya ja hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ƙanwata ta kamo hannuna tana kuka tana ba ni haƙuri.

Aka raba kuɗin yadda shari'a ta ce, sunana ya wanku. Malam ya ce babu laifi a kaina, Yaya ma ya ce ai ta yafe. Amma ba su ne ta kafe da ido ba a ranar Talatar nan. Har yau in na idar da salla na roƙa mata gafara, sai in ƙara da cewa, Hajiya, daga bakina ya ji.