Luguden Godiya a Illo

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, har da sunayen jikokina, akwai wata Asabar a Illo da na tabbata ba zai iya ɗauka ba. A shekarar da ƙasarmu ta samu mulkin kai ne. Ni da maigidana mutanen Zuru ne. Aikin malamin dabbobi ya kawo shi ƙasar Bagudo, ni kuwa na biyo shi da goyo a baya da fargaba fal ciki. Fargaba dai halina ce tun ina yarinya. In kaza ta yi tari, sai in wuni ina tunanin yadda za mu rayu babu ƙwai. Maigidan ma bai fi ni ba, sai dai shi tasa fargabar tana sanye da kaki da hular gwamnati.

Mu Kiristocin garin a lokacin ba mu cika tabarma biyu ba. A zauren mai bishara muke sujada, matarsa kuma wata gajeriyar tsohuwa ce da kowa ke ce wa Inna.

Wata rana maigida ya ce zai tsallaka Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin, ya sayo mini keken ɗinki. Ya ce gobe da la'asar yana gida. Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka, har mako ya zagayo babu shi babu labarinsa. Ana haka sai ga raɗe-raɗi daga bakin ma'aikata, wai tunda Turawa suna ɗaure kayansu za a rufe iyaka, wanda ke can ya zama ɗan can har abada. Ni ban taɓa ganin iyaka ba. A raina wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe ce, da kwaɗo kamar kan jaki, da soja mai gashin baki a tsaye. Na kulle gida, na daina cin abinci, ban kuma tambayi kowa ba, don kada a ce baƙuwar nan ko mijinta ba ta iya riƙewa.

Ranar Asabar da hantsi Inna ta buga mini ƙofa. Ta same ni na riga na gama zama gwauruwa a zuciyata, har na shirya abin da zan gaya wa jaririn in ya girma.

Na ce, "Inna, na yi addu'a har gwiwoyina sun yi kanta."

Ta ce, "Na ji kin roƙa. Kin gode?"

"In gode da me, Inna? Miji yana Dahome!"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗauko turmi."

Ashe maganinta ke nan ga duk wanda ya kawo mata damuwa. A zuba gero, a ɗaga taɓarya, kowane bugu da godiyarsa guda, da murya, cikin waƙa, kuma ba a maimaitawa. Na fara ina kumbure-kumbure. Na gode wa Ubangiji don rai, don lafiya, don yaron da ke bayana, don Yesu da ya fanshe ni. Daga nan sai kayana suka ƙare. Na tsaya, Inna ta daka mini tsawa cewa taɓarya ba ta jiran mai tunani. Dole na kama duk abin da ya zo baki. Na gode da ba ni da kurkunu. Na gode da akuyar da ta ci zanena ta bar mini rabi. Na gode da surukata tana can Zuru. Kowanne na faɗa, sai Inna ta amsa da "Mun gode, ya Ubangiji," fuskarta a murtuke kamar tana gaban alƙali. A kan na surukar ne dariya ta kufce mini, dariyar farko tun tafiyar maigida.

Inna na ganin haka ta janyo taɓarya ta biyu. Muka shiga lugude, ana jefa taɓarya sama a tafa a cafe, tsohuwa ta yi zafi ta rangaɗa guɗa. To, abin da ni baƙuwa ban sani ba, ita kuma ta sani ta yi biris, shi ne a garin nan in aka ji lugude da guɗa da rana tsaka, biki ne, kuma maƙwabta ba sa jiran gayya. Kafin in ankara mata sun cika gidan, kowacce da taɓaryarta. Babu wadda ta tambayi dalili. Turmi ya ƙare a sake cikawa, har geron da maigida ya ajiye mana na wata guda ya koma gari. Wannan ta hura wuta, waccan ta kawo kuka da daddawa, wata Bafillatana ta sauke ƙwaryar nononta, mai kalangu ya tsaya a ƙofar gida yana aikinsa. Ni kuwa ina tsakiya ina ta jero godiya, maƙwabtana Musulmi suna amsawa da Alhamdulillahi, Inna tana ɗorawa da Haleluya, kuma wallahi amshin ya zauna daidai.

Sai da aka ci tuwo aka sha fura, sannan wata dattijuwa ta goge baki ta ce, "Wai ɗiyata, bikin mi a wanga? Suna na, ko arme?"

Nan take hawaye suka ɓalle mini. Na ce mijina ne ya maƙale a Dahome, an rufe iyaka. Can sai wata 'yar ƙabilar Dendi mai sayar da busasshen kifi, wadda ƙamshin miya kawai ya shigo da ita, ta ƙware da fura.

Ta ce, "Wace iyaka? Ni da sahe nit taho daga can! Tsaya, mijinki dogo na, mai hular gwamnati, da keken ɗumki?"

Na ce shi ne.

"Ai shina gidan ƙanena, lahiya lau, ya ma yi ƙiba. Kullum shika aza keken nan bisa kai shi taho gindin kukar bakin iyaka shi zamna, wai jira shikai a buɗe. Munka ce mai, malam, ba ƙohwa, ga awaki nan na wucewa. Yac ce shi ma'aikaci na, ba shi ƙetare doka. Munka ce to mu kai saƙo gida, yac ce a'a, kada ohis su ji shina ƙasar waje."

Matan nan suka yi dariya har wata ta faɗa kan turmi. Ni ma na yi, ina kuka ina dariya, kunya kamar in nutse.

Washegari Lahadi mai bishara ya ce a gindin kukar nan za a yi sujada. Muka hau jakuna muka tafi. Iyakar da ta hana ni barci, wata 'yar hanyar shanu ce da bishiya guda. Ga maigida can zaune, rungume da keke, yana ɗaga mini hannu kamar fursuna. Muka yi waƙar godiya, muka yi addu'a, mai bishara ya roƙe shi ya taho, shi kuwa ya ce sai ya ga takarda. Sai Inna ta tashi. Ta taka ta je, ta ɗauki keken ta aza a kai, ta juyo. Ya miƙe yana cewa, "Inna, kayan nan da nauyi, za ki faɗi!" Yana biye da ita yana tallafe keken, bai farga ba sai ga shi a Najeriya.

Ban ce lugude ne ya dawo mini da miji ba. Amma na san damuwa ce ta sa na kulle ƙofata na toshe bakina, alhali masu amsar tambayata suna wucewa ta ƙofar gidan kullum da kaya a ka. Ranar da na fara gode wa Ubangiji tun ban ga komai ba, ranar gidana ya buɗe, mutane suka shigo, amsar ta shigo tare da su. Abin da na koya ke nan: in tsoro ya kama ka, kada ka jira ya sake ka kafin ka yi godiya. Fara yi da tsoron a cikinka, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji.