Goron da Na Kai Kalgo

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin mai ɗakina ta riga ni.

A zamaninmu a Gwandu, mai son fara fatauci jaki yake nema da albarkar uba. Sai ka kai wa sarkin kasuwa goro, ya dube ka ya ce, "Ɗan wane ne," shi ke nan, rumfa ta samu, kowa ya yarda da kai. Kasuwa ta yi daɗi a lokacin. Haka na yi ta sayar da shinkafa har gemuna ya yi fari, da ɗan ilimina na firamare wanda har yau nake kira digiri.

Bayan jami'a ta zo Kalgo, na ji wani babban gidan abinci yana neman mai kawo shinkafa. Ciniki ya ja baya a rumfata, sai na sa babbar riga, na ƙunshe goro, na tafi. Manajan ya karɓa hannu biyu, ya ce, "Baba, sana'arka tana da rajista?" Na faɗa masa sunan marigayi mahaifina. Ya yi masa addu'a da ladabi. Aikin kuwa aka ba ƙungiyar mata masu gyaran shinkafa, wadda mai ɗakina take ciki, ƙungiyar da na daɗe ina yi wa dariya saboda hatiminta na rajista.

Na dawo gida ina mita: "Sunan babana har Ceberu an san shi."

Ta ce, "Malam, waɗanda suka san shi duk suna kwance tare da shi, kuma ba su cin shinkafa."