Jinin da Yayana Ya Tara

Ciwon hanta ne ya kashe Babanmu. Da farko kasala ce, sai idanunsa suka yi rawaya, ya daina iya fita hawasha, wato gonar da yake nomawa a filayen Jazira. A wani asibiti a Wad Madani aka ɗora shi a kan allurar da ake kira intaferon. Duk ranar da aka yi masa sai ya wuni yana rawar sanyi, abinci ba ya zama a cikinsa. Maƙwabcinmu ma irin ciwon gare shi, allura ɗaya, likita ɗaya. Shi ya warke ya koma kasuwar Hasahisa yana sayar da albasa. Baba kuwa cikinsa ya kumbura, kafin tsinkar auduga muka binne shi.

Yayana yana jami'a a lokacin, ni ina makarantar horon malamai. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Bai musa ba, amma ya ce yana son sanin abin da ya raba jikin mutanen nan biyu. Ya bar shirin zama likitan asibiti, ya shiga wani ɗakin bincike a Wad Madani, abin da muke kira ma'amal, a ƙarƙashin wani babban daktor.

Ya taɓa yi wa Inna bayani tana toya kisra, siririyar gurasar dawa da muke ci. Ya ce jikin mutum da kansa yake yin intaferon: idan ƙwayar cuta ta shiga wani wuri, wurin sai ya sake shi don na kusa su shirya faɗa. Allurar ƙari ce kawai. Amma wani jikin yana amsawa sosai, wani kaɗan, kuma yana zargin gadon abin ake yi.

"To kai mi za ka yi da sanin? Shi dai ya tahi," in ji Inna.

Ya ce ai saura mu, da 'ya'yanmu.

Jinin mutanenmu yake buƙata, don duk abin da ya karanta a kan wasu mutane aka yi shi. Da ya zo gari da allurai da kwalabe, sai magana ta bazu cewa sayar wa Turawa zai yi. Inna ce ta fara naɗe hannun rigarta a ƙofar gida, a gaban kowa. Sauran aikin ni na yi shi. Kullum na tashi daga makaranta sai in bi gidaje, in sha shayin da ba na so, in lallashi matan da suka goya ni ina jaririya. Na yi musu alkawari cewa jininsu yana hannun ɗansu, kuma abin da aka gano su zai fara amfana. Saboda fuskata suka miƙa hannu.

Abin da yake nema a cikin jinin sunansa RNA, wani saƙo ne da jiki ke aikawa cikin kansa idan zai haɗa abu kamar intaferon. Ba ya jure zafi ko kaɗan. Don haka yayana yakan sayi ƙanƙara, ya rungume akwatin sanyi a cinya a cikin bas, yana roƙon direba kada ya tsaya ɗaukar buhunan dawa. A ma'amal akwai wata tallaja, firijin da sanyinsa ya fi na ƙanƙara nesa, a nan yake adana komai. Idan aka ɗauke wuta, shi ne mai gudu ya tayar da janareta. Shekaru ya yi a haka. Aurensa ma sai da aka ɗaga, saboda ba wanda zai kula da tallajar.

Ya kuwa gano wani abu. Wasu masana a ƙasar waje suka gayyace shi ya je da samfurin jinin su ƙarasa aikin tare. Sai ya tafi neman fasfo. Ma'aikacin ya dubi sunan kakanmu, ya dubi sunan garinmu, ya ce ai Fallata ne, yadda suke kiran duk wanda asalinsa ya fito daga yamma. Ya ce sai ya kawo shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne na asali. A nan aka haifi Baba, a nan aka haifi kakanmu. Hannun mutanenmu ne ya tsinke audugar da aka gina ofishin da kuɗinta. Yayana ya kwashi dattawa biyu a mota suka je suka rantse, aka ce a dawo bayan salla. Bayan salla aka ce wanda ke sa hannu ya yi tafiya.

Babban daktor ya ce kada a bar dama ta wuce, shi zai je a madadinsa. Ya tafi da rabin jinin. Da aikin ya fito a mujallar masana, sunansa ne a sama tare da na Turawan. Sunan yayana yana can ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, ana gode masa da taimakon tattara samfuri. Mu kuma an kira mu baƙin haure daga Afirka ta Yamma. Yayana da kansa ya fassara mini, muryarsa kamar mai karanta labarin wasu.

Ban gaya masa ba na ɗaura taub ɗina, wato lafayata, na hau bas zuwa Wad Madani. Daktor ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na tambaye shi da Larabci ko ya san sunan mace ɗaya cikin waɗanda jininsu ya ɗauka ya hau jirgi. Ya yi murmushi, ya ce ilimi ba na mutum ɗaya ba ne, kuma yayana yaro ne, lokacinsa na zuwa.

"Ya ustaza," in ji shi, "abin da muke so game da ku shi ne haƙuri. Kada ki ɓata wannan."

Na ajiye masa ruwansa ban sha ba. Na fita.

Da yayana ya ji, ni ya yi wa faɗa. Ya ce mabuɗin ma'amal a hannun mutumin yake, kuma sauran rabin jinin yana cikin tallajarsa. Ya ce babbar tambayar tana nan ba a amsa ba, ita ce ta RNA, kuma wannan karon ba wanda zai iya rubuta ta sai shi. Ya koma ya duƙufa. Fasfo ya fito daga baya, lokacin da ba mai gayyatarsa ko'ina. Furfura ta fara fito masa. Matan garinmu suna tambayata ina labarin jininsu, ni kuma ina cewa ana kan aiki, har na gaji da jin kaina.

Sai yaƙi ya iso Jazira. Daktor ya riga ya kwashe iyalinsa ya ƙetare ƙasar waje. Yayana ya turo matarsa da yara wurinmu, shi ya zauna yana zuba wa janareta ɗan man da ya rage. Da masu bindiga suka shiga ma'amal, ya roƙe su su ɗauki komai su bar abin da ke cikin tallaja. Suka yi dariya, suka zazzage kwalaben a ƙasa, suka ɗora tallajar a mota. Ɗaya ya buge shi da gindin bindiga a kunne, har yau ba ya ji sosai da shi. A ƙafa ya iso gida. Cikin waɗanda jininsu ya zube a ƙasan nan akwai Inna, wadda ta rasu kafin yaƙin, da wasu da yawa da ba za a ƙara samunsu ba.

Muka gudu kudu, wurin dangi kusa da Rusairis. Yanzu yana wani ƙaramin asibiti yana gwajin zazzaɓin sauro, ni ina koyar da yaran 'yan gudun hijira a rumfa.

Kwanan baya daktor ya kira shi a waya daga inda yake. Wai masanan can suna son sanin yadda yunwa da gudun hijira ke taɓa garkuwar jiki, ko zai iya tara sabon samfuri daga mutanenmu. Wannan karon, in ji shi, sunan yayana ne zai zo farko. Na ɗauka zai kashe wayar, sai na ji yana tambaya ta ina za a samu ƙanƙara.

Da yamma ya same ni ina wanki, ya ce matan ni suke ji wa magana. Na ce masa ba zan je ba.

"Yaya, sau ɗaya na sayar da fuskata," na ce. "Mutanen ga ko abincin da zai zama jinin ba su da shi."

Ya ce idan bai yi ba, wani da bai san su ba zai zo ya yi, ko kuma a ci gaba da haɗa magani ba tare da an taɓa duba jikinmu ba. Na san akwai gaskiya a maganarsa, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi. Ban janye ba, shi ma bai janye ba. Shi kaɗai yake bin rumfuna yanzu, yana karkata kunnensa mai ji yana bayani. Wasu suna miƙa hannu, wasu suna cewa sai sun ji daga bakina. Idan sun zo, nakan gaya musu duk abin da ya faru da na farkon, in bar su su zaɓa.