Maccido Mai Haƙar Rijiya da Kalmar “Ƙasa”

Kakana Maccido mahaƙin rijiya ne a Illela, gajere, baƙi, ga kafiyar tsiya. Mai riƙe masa igiya kuwa Maharazu ne, mutumin Ƙonni, tun suna samari.

Igiyarsu kan bi ta kan kura, wato faifan icen nan da ke juyawa a bakin rijiya. In ka ja gefenka ƙasa, wanda ke ciki ya yi sama, tun da igiyar ɗaya ce. Su biyun da hannun mai ja suke magana. In Maccido ya ce “Ƙasa!” daga ciki, nufinsa ja gefenka ƙasa, fito da ni.

Sai Nasara suka zo suka shata iyaka, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa. Aka sa Maccido haƙa wa masu tsaron iyaka rijiya, aikin tilas. Dogarin da ke kula da aikin ya kori Maharazu, wai baƙo ne. Baƙo! Mutumin da ya ci tuwon gidanmu har kwano ya san shi! Aka ba wasu manoman ƙauyen Araba igiyar, bayin Allah da ba su taɓa jan mutum ba.

Maccido ya yi nisa cikin haƙa sai yashin bango ya soma zubowa. Ya daka tsawa, “Ƙasa! Ƙasa!” Su kuwa suka ɗauka so yake a ƙara saukar da shi, suka saki igiya. Yashi ya rufe shi har ƙirji. Da ƙyar aka zaro shi, ƙafar hagu a karye. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Bai gama warkewa ba dogarin ya dawo, wai a koma aiki.

Maccido ya ce, “Ba ni shiga sai da Maharazu.”

Dogari ya ce, “Ka shiga, ko ka kwan gidan yari Sakkwato.”

Maccido ya ɗingisa har bakin rijiyar, jama'a na kallo. Ya ɗauki madaurin ƙugun da mai shiga rijiya ke ɗaurawa ya miƙa wa dogari, sannan ya kama ɗaya gefen igiyar.

Ya ce, “To mi kake jira? Shiga, ni in riƙe maka.”

Dogari ya leƙa ramin, ya dubi ƙafar Maccido, ya dubi hannunsa kan igiya. Bai karɓa ba.

Kashegari aka aika Ƙonni kiran Maharazu.