Baba Mailafiya, Mai Duba Katkat a Zango

Da an idar da sallar asuba a Zangon Wagadugu, Baba Mailafiya yakan sha kokonsa a tsaye, ya sa tsohon kwali a hammata, ya nufi garejinsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana shimfiɗa kwali yana shiga ƙarƙashin motocin mutane. Bana idonsa ya yi rauni, ya ce zai ajiye sifana.

Ya fi suna wajen duba katkat, manyan motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda ake kawowa daga Turai ta Lome bayan sun sha aiki. Ba ya duba mota da rana. Yakan ce a kawo ta da safe inji na sanyi, domin dillali na ɗumama ta don ya ɓoye wuyar tashi. Zai buɗe murfin mai, in ya ga ya yi fari kamar shayi da madara, ya ce ruwa ya shiga inji. Lambar kilomita kuwa ba ta dame shi ba. “Ana mayar da ita baya,” in ji shi. “Dubi robar birki da sitiyari, su za su gaya maka tafiyar da ta yi.”

A shekarar 2002 Hajiya Indabo, ’yar Kano mai sayar da atamfa, ta zo da wata katkat fara sol. Da ita take so ta riƙa kai kaya da iyalinta gida ta Yamai da Maraɗi. Mai sayarwar kuwa Maliki ne, ƙanin Mailafiya uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zuba duk jarinsa a motar.

Mailafiya ya daɗe a ƙarƙashi. Ya kankare wani baƙin kwalta da aka shafa, sai ga ƙarfen da ke riƙe da motar ya yi tsatsa, ya tsage, an yi masa walda sama-sama. Ya fito ya zauna a ƙasa, ya kasa duban ƙaninsa.

Maliki ya sunkuyo ya ce a hankali, “Yaya, ka rufa mini asiri.”

“Da yara za ta hau, Maliki,” ya amsa. Sannan ya juya. “Hajiya, kada ki saya. In ta faɗa rami da kaya, rabewa za ta yi.”

Shekara biyu Maliki bai taka gidan yayansa ba, ko a ranar Salla. Zulai, matar Mailafiya, ta ce abin ya ci mijinta har ya rame, amma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Da aka rushe unguwar su Maliki aka watsa mutane, Mailafiya ne ya nemi inda ƙanin ya koma, ya je da kayan aikinsa, suka kwance motar suka sayar da ita gunduwa-gunduwa. A kan wannan aiki suka shirya.

Baba, kai ne ka faɗi gaskiya ranar da ta fi yi maka ciwo. Mutane da yawa sun isa gida lafiya ba su san hannunka ne ba. Mun gode, Allah ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma masu gareji, in an kawo muku mota, ku tambaya wa zai hau ta kafin ku buɗe baki.