Aron Tafiyar Hajiya

Ban je Madina don in yi jinya ba. Mijina ne ya samu aiki a wani kantin magani, ni kuma zaman gida ya ishe ni. Wata maƙwabciya ta haɗa ni da wata tsohuwa da ake ce wa Hajiya a unguwar Sih, Bahaushiya amma 'yar ƙasa, don iyayenta sun zo a ƙafa tun kafin a haife ta.

Hajiya na da 'ya da ta haura shekara talatin, makauniya, ba ta magana, ba ta iya tashi. Hukuma na ba su tallafin naƙasassu, da shi za a riƙa biyana. Sai dai akan turo wata ma'aikaciya ta duba, in ta ga babu mai iya kula da ita a gida, sai a kai ta gidan naƙasassu. Abin da ke cin ran Hajiya ke nan, domin ciwo ya ci jikinta, ga 'yar ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nata.

Na zaci wanka da sauya shimfiɗa za a koya mini. Ashe tafiya ce. Hajiya na jan ƙafar hagu, sai ta miƙo mini silifas ɗinta ta ce in taho daga ƙofa ina ja kamar yadda take yi. Na tuntsire da dariya, na ce ashe wasan kwaikwayo aka ɗauke ni. Ko murmushi ba ta yi ba.

"'Yar nan, ƙafata take ci wa abinci, ba hannuna ba," in ji ta. "Sake tahowa."

Kullum bayan Azahar muke yi, lokacin da shaguna ke rufe, titi ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ta shafa mini turarenta, ta koya mini ƙwanƙwasa cokali a bakin kwano. Ita kuma ta zauna a hagun gado ta yi shiru kamar babu ita, har numfashi take ɓoyewa. Raina ya sha ɓaci, tsoro ma na ji, ganin mutum da ransa yana koyon rashin kansa. Duk da haka 'yar ba ta taɓa buɗe mini baki ba.

Bayan Hajiya ta rasu, 'yar ta ƙi abinci, sai ruwa da ƙyar. Yayanta, wanda kake yi wa Hausa ya mayar maka da Larabci, ya ce khalas, shi ke nan, a bari a ɗauke ta kawai. Na balbale shi da faɗa har matarsa ta leƙo.

Ranar da ma'aikaciyar ta zo, na zura silifas ɗin, na taho ina jan ƙafa. Na ƙwanƙwasa cokali. 'Yar ta ɗago kai, ta buɗe baki, ta cinye shinkafar tas. Ma'aikaciyar ta ce masha Allah, a bar ta a ɗakinta.

Da aka raka baƙuwa, 'yar ta lalubo fuskata ta shafa a hankali. Sai ta ture ni gefe, ta miƙa hannu hagun gado inda babu kowa, ta bar shi a buɗe. Tsikar jikina ta tashi. Matsawa kawai na yi.

Na daɗe ina kula da ita, ba a taɓa fitar da ita daga gidan ba, ni kuma ban taɓa zama a hagun gadon nan ba. Na bar silifas ɗin a Sih ranar da muka taso gida. Likitoci sun duba ƙafata ta hagu sun ce lafiyarta lau, amma har yau ja nake yi.